Tarihin Daji da Damina a Ƙasar Kano Kamar Yadda Ƙasa Ta Ajiye Shi

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara da Turanci a 1908, ya ambaci Barbushe da mutanen Dala, ya kuma ambaci wani kurmi mai duhu a bakin Jakara wanda su ke girmamawa. Daga nan ne mutane da yawa su ka ɗauka cewa a da ƙasar Kano duk kurmi ce, sai daga baya gatari da wuta su ka cinye shi. Amma labarin littafin nan bai wuce shekara dubu da 'yan kai ba, tun da an lissafta zuwan Bagauda a 999. Abin da ya gabaci wannan kuwa, sai a tambayi ƙasa ita kanta.

Ga yadda a ke tambayarta. Kowane tsiro in ya mutu ya ruɓe, ya kan bar saura a cikin ƙasa, watau abin nan da ke sa ta baƙi. A cikin sauran nan akwai sinadarin kabon iri uku. Ciyayi irin su gamba su kan tara kabon 13, mai ɗan nauyi, fiye da yadda itatuwa ke tarawa. Saboda haka in an haƙa rami, an ɗebi ƙasa hawa hawa an auna, sai a gane lokacin da ciyawa ta rinjaya da lokacin da itace ya rinjaya. Shi kuwa kabon 14 raguwa ya ke yi, rabinsa na ɓacewa cikin shekara 5,730, da shi a ke sanin shekarun kowane hawa. Willard Libby na Amurka ne ya fito da wannan dabara, har aka ba shi kyautar Nobel a 1960.

Shaida ta fari ita ce rairayi. A 1958 A. T. Grove ya bayyana cewa dogayen tuddan jigawa da ke tsakanin Kano da Borno tsofaffin tuddan hamada ne, iska ta tara su, daga baya ciyawa ta kafe su. Watau kimanin shekara 20,000 da su ka wuce hamada ta matso kudu ƙwarai, fiye da inda ta tsaya a yau.

Shaida ta biyu daga tsaunukan Biu ta fito. Can akwai Tafkin Tilla, a cikin bakin tsohon dutse mai aman wuta, inda laka ta yi ta kwanciya ba mai taɓa ta. Ulrich Salzmann da abokan aikinsa su ka zaro lakar, su ka ƙirga ƙurar furanni da burbushin gawayi da ke cikinta, su ka buga sakamakon a 2002. Sun tarar cewa bayan dogon fari damina ta komo da ƙarfi kimanin shekara 10,000 da su ka wuce, itatuwa irin na kudu su ka hau tsaunin. Amma duk da haka ciyawa ba ta gushe ba, gobarar daji kuma ba ta yanke ba. Sa'an nan ruwa ya yi ta ja da baya sannu sannu, har wajen shekara 4,000 da su ka wuce daji ya koma kusa da kamannin da aka san shi da su yanzu.

Zamanin ruwan nan ya bar wata alama. A 1987 wani Bafilatani mai haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yau, ya ci karo da kwalekwale na itacen dangin maɗaci, tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kimanin 8,000. A zamanin nan Tafkin Cadi ya taɓa cika har ya kai tudun Bama, wanda Maiduguri ke kansa.

To, in har tsaunin Biu, wanda ya fi Kano ruwa, bai zama rufaffen kurmi ba a zamanin da damina ta fi albarka, ashe kurmin Jakara na bakin rafi ne, ruwa ya raya shi, tsoron mutane ya tsare shi. A gefensa ne Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi, sunan ya wanzu bayan itatuwan sun tafi.

Ƙasar kewayen Kano kuwa karatunta sai da hankali, gama hannun mutum ya daɗe a kanta. Tun ƙarni na 7 a ke narkar da tama a Dala, aikin da ke cin gawayi. Dawa da gero dangin ciyawa ne, alamarsu ta ciyawa ce. Wake da auduga da gyaɗa, wadda ta yawaita bayan buɗe hanyar jirgin ƙasa a 1912, alamarsu irin ta itace ce. Ga kuma takin birni da manoma su ka yi ta kaiwa gonaki a kan jakuna. Hawan sama ke nan tarihin manomi ne, na ƙarƙashi shi ne tarihin daji.

Yau gari ya haɗiye gonakin Hotoro, masana'antu sun zauna a Bompai da Sharaɗa da Challawa, ruwan majemu na gangarawa fadamu. Duk inda aka kwashe ƙasa domin bulo, ko aka cike kududdufi da shara, an birkita hawan da shekaru dubbai su ka jera, ba kuwa mai iya mayar da su. Littafi in ya ɓace a kan sami kwafinsa a wurin wani malami. Lakar fadama ba ta da kwafi, sai dai a ɗebe ta a adana tun magina ba su iso ba.