Daga Kawo zuwa Jidda: Hanyar Sudan ce har yau

Mu mazauna Kawo, maƙwabtan sansanin alhazai na Mando, mun saba ganin maniyyaci ya yi sallama da iyalinsa da hantsi, kafin dare ya bugo waya daga Jidda. Tsakanin filin jirgin Kaduna da na Jidda kimanin kilomita 3,600 ne, tafiyar awa biyar ko kusa da haka.

Kakanninmu a ƙasa suka ci wannan nisa. Su bi ta Borno, su ratsa Wadai da Darfur, su kai Sawakin a bakin Bahar Maliya. Guzuri ya ƙare, a tsaya a yi noma ko ƙwadago, shi ya sa tafiyar kan ɗauki shekaru. Wasu ba su dawo ba. Garin Mai Wurno na Sudan ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903.

Jiragen farko da suka sauka Kano a 1925 ma ta Sudan suka biyo. Sun bar Masar ran 27 ga Oktoba, suna yada zango, sai 1 ga Nuwamba suka iso.

Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, aka rufe sararin samaniyarta. Jiragen alhazanmu suka koma zagaye, awoyi suka ƙaru, kuɗin jigila ya hau. Ashe ko a sama muke, tsawon tafiyarmu na rataye da zaman lafiyar ƙasar da kakanninmu suka taka.