Daga Lemar Buga Waya Zuwa Ranar Da Aka Ɗauke Sabis

Yau tarihi za mu ɗan taɓa.

A 2001 wayar GSM ta shigo Najeriya, MTN da Econet ne kan gaba. Layi na da tsada, don haka ƙarƙashin lema ake biya a buga waya. Daga baya shagunan intanet suka buɗe a Funtua da Malumfashi, can muka cike fom ɗin JAMB. In sabis ya tsaya, mai shago zai ce, "Yi haƙuri ƙanena, dawo bayan la'asar, lokacinka na nan."

A Satumbar 2021, zamanin Gwamna Masari, aka rufe sabis a ƙananan hukumomi 13 saboda 'yan bindiga, har da garuruwan nan biyu. To wa za ka kira, tunda wayar ma ba ta shiga? Mai shagon unguwarmu ne ke rubuta sunaye a takarda, ya hau mota zuwa Zariya, ya tura kuɗin 'yan kasuwar masara, ya dawo wa kowa da rasit. Sai Disamba aka fara buɗewa.

Shi bayani ya riƙa yi mana ido da ido. Yau in data ta ƙare ba dalili, irin wannan bayanin muke nema. Haƙƙinmu ne.