Awon Albarushi

Na san wata za ta ga kan wannan rubutu ta ce, ina ruwan mace da bindiga? To 'yar uwa, ki ɗan yi haƙuri ki ji. Ni jikar maharbi ce, kuma a gidan da na tashi, bindiga ta maza ce, amma albarushi a ɗakin mace yake kwana.

Kakana na wajen uwa yana da wata doguwar bindiga irin wadda ake ɗurawa ta baki, wadda wasu ke kira bindigar toka, wasu kuma harbi-ka-ruga. Sunan nan na biyu ba banza ba, domin harbi ɗaya take yi, in ka yi kuskure sai ka nemi wurin gudu kafin ka sake ɗuri. Muna yara mukan zagaye shi in zai fita daji. Sai ya tsiyayo albarushi daga ƙaho zuwa wani ɗan ma'auni, ya zuba a bakin bindigar, ya cusa tsumma, ya danna da sandar ɗuri, sannan ya zuba dalma, ya sake toshewa. In ya gama sai ya zura sandar ya dubi abin da ya rage a waje, ya gwada da yatsunsa. Da haka yake sanin nauyin abin da ke ciki. Ban taɓa ganin ya yi wannan aiki yana hira ba. Ko gaishe shi kika yi, ba zai amsa ba sai ya kammala.

Da na girma na shiga karance-karance, sai na gane ashe wannan ɗan ma'auni yana da dogon tarihi a bayansa. A ƙasar Sin aka fara haɗa albarushi, wajen ƙarni na 9, daga gawayi da farar wuta da wani irin gishiri. Daga can ya bi ta ƙasashen Musulmi da Turai har ya iso gare mu. A Borno, Mai Idris Aloma da ya yi mulki a ƙarshen ƙarni na 16 ya samo Turkawa masu harbi da bindiga, suka koya wa mutanensa. Limaminsa Ibn Fartuwa ne ya rubuta wannan labari.

A nan Kano kuwa, tsohon littafin tarihin sarakuna ya ce an kawo bindigogi a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743. Ya kuma ce Babba Zaki, daga 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron lafiyarsa. Kin ga ke nan 'yan bindigar da muke gani a hawan Sallah suna ta da hayaƙi, mata na toshe kunne, ba jiya suka fara ba. A Damagaram ma, Sarki Tanimu da ya rasu a 1884 ya sa an riƙa haɗa albarushi da ƙera igwa a cikin birninsa, bai tsaya jiran na fatake ba.

Yawancin dogayen bindigogin nan ta bakin teku suka shigo. Turawa 'yan kasuwa ne suka riƙa kawo su, har aka laƙaba musu sunan mutanen Danmak, waɗanda ke da gidan ciniki a Ankara ta Gana. Da yawa daga cikinsu masu araha ne, ƙarfensu ba shi da kyau, ga kuma al'adar cika su da albarushi don a ji ƙara. Shi ya sa fashewar bindiga a hannun mai ita tsohon abu ne. Da Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903 da makamai na zamani, sai bindigar ɗuri ta bar fagen yaƙi, ta koma hannun maharba da masu gadin gona da 'yan bindigar fada. Maƙera suka ci gaba da ƙera ta a gida, wani lokaci da duk bututun ƙarfen da ya samu.

To me ya sa awo yake da muhimmanci haka? Kakana yakan ce kowace bindiga da cikinta, kamar yadda kowace tukunya take da nata. In albarushi ya yi kaɗan, dalma ba za ta yi ƙarfi ba, sai a raunata dabba ta shige daji ta mutu a wahale. Ga zunubi ga asara, in kuma mai faɗa ce kamar gadu, ta juyo kan maharbi. In ya yi yawa, ba wai harbin zai ninka ba ne. Wani sashe ma a waje zai ƙone, bindiga ta doki kafaɗa, saiti ya lalace, in kuwa ƙarfen ya gaji sai ya tsage. Don haka maharbi na gari yakan fara da kaɗan, ya gwada a jikin kututture, ya ɗan ƙara, har ya sami inda bindigarsa ta fi zama daidai. In ya samu sai ya yanke ma'auninsa a nan, ya tsaya a kai. Ba ya aron ma'aunin wani, domin faɗin bututu da kaurin ƙarfe ba ɗaya ba ne.

Akwai wasu dokokin da na ji yana nanata wa yaransa. Kada a tsiyaya kai tsaye daga ƙaho zuwa bindiga, domin in akwai sauran garwashi a ciki, ƙahon gaba ɗaya zai tashi a hannu. Kada a bar sarari tsakanin albarushi da dalma, a danna su su haɗu. In an ja kunama ba ta tashi ba, kada a leƙa bakinta, a jira, domin albarushin da ya sha danshi yakan yi jinkiri. Sannan babbar doka, kada a fasa harsashin zamani a juye garinsa a bindigar ɗuri. Wannan gari marar hayaƙi, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1884, ƙarfinsa ya wuce abin da bututun maƙera zai ɗauka nesa ba kusa ba.

Amma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba. Ranar bikin wata ƙanwar mahaifiyata, ina 'yar shekara tara, Kawu ya ɗauki bindigar don ya yi wa amarya harbin rakiya. Abokai na zuga shi wai tasu ta fi ƙara. Ashe tun da safe an ɗura ta, shi bai sani ba, bai kuma zura sanda ya gwada ba. Ya ƙara wani ɗurin a kai, har da ƙari don burgewa. Kakata ta hango shi ta ce, "Kai ɗan nan, ka tambayi Babanku kuwa?" Ya ce, "Haba Inna, sai ka ce yau na fara." Wallahi har yau ina jin ƙarar nan a kunnena. Guɗa ta koma salati. Allah Ya yi da sauran kwana, amma yatsu uku na hannun hagunsa sun tafi, shi da yake tela. Amarya kuwa da kuka biyu aka kai ta.

Tun daga ranar Inna ta karɓe ƙahon. Ta sa shi a tukunyar ƙasa mai murfi, nesa da murhu, nesa da fitila, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Duk mai so sai ya zo ya faɗa mata inda za shi. Kakana bai ce uffan ba, don ya san gaskiyarta.

'Yar uwa, har gobe akwai irin wannan bindiga a gidaje da yawa, na maharba da na 'yan sintiri, kuma doka ta ce sai da lasisi ake riƙe ta. In akwai ta a gidanku, ki san inda albarushin yake kwana. Kada ki yarda a jingine ta da ɗuri a ɗakin da yara ke shiga. In ana biki aka ce za a yi harbi, ki janye 'ya'yanki baya, ki kuma tambaya ko wane ne ya ɗura. Ba rashin kunya ba ne. Mu da muke auna kanwa da gishiri kullum, mun san abin da ɗan ƙari kaɗan yake yi wa tukunya. Tukunya dai a zubar a sake ɗorawa, amma Kawu har yau da hannu ɗaya yake riƙe ƙyalle.

Allah Ya tsare mana mazajenmu da 'ya'yanmu, Ya sa mu gama da duniya lafiya, amin.