Makonni biyu na jira bayan dashen ɗan tayi: abin da ya kamata ma'aurata su sani

Tsakanin ranar da likita ya sanya ɗan tayi a mahaifa da ranar gwajin jinin da zai nuna ko ciki ya shiga, akwai kwana 9 zuwa 14. A duk matakan aikin haɗa ƙwan mace da maniyyin miji a ɗakin gwaji, wanda likitoci ke kira IVF, wannan ne matakin da aikin likita ya kusa ƙarewa, babu kuma hoton da zai nuna komai tukuna. Shi ya sa mata da yawa suka fi jin nauyinsa a kan allurai, musamman idan an sayar da fili ko an ci bashi kafin a kai ga nan.

Aikin ba sabo ba ne. An haifi jaririya ta farko ta wannan hanya, Louise Brown, a Ingila a 1978, kuma a 1980 Sheikh Jadul Haƙ na Masar ya ba da fatawar halaccinsa muddin ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, kuma auren yana nan. Matsalar ma ba ta mutum ɗaya ba ce: rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kusan mutum 1 cikin 6 yana gamuwa da jinkirin haihuwa a rayuwarsa.

Tambayar da ta fi damun mai jira ita ce ko fargabarta za ta iya ɓata aikin. A 2011 Farfesa Jacky Boivin ta Jami'ar Cardiff da abokan aikinta sun tattara bincike 14 da suka shafi mata 3,583, suka wallafa a mujallar likitoci ta BMJ cewa damuwar da mace take ciki kafin a fara aikin ba ta da alaƙa da samun ciki ko rashinsa. Abin da ya fi tasiri shi ne shekarun mace da ingancin ɗan tayin. Saboda haka masu ce mata ta kwantar da hankali "don kada cikin ya ƙi zama" suna ɗora mata laifin da ba nata ba, ko da niyyarsu alheri ce. Haka nan kwanciya a gado dare da rana ba ta ƙara komai. Aikin gida mara nauyi, zuwa ofis ko shago, da ruku'u da sujada ba sa fitar da ɗan tayi.

Alamun jiki a waɗannan kwanaki ba abin dogaro ba ne. Maganin furojestaron da ake bayarwa don riƙe mahaifa yana kawo nauyin nono, kumburin ciki, kasala da ciwon mara, wato alamun ƙaramin ciki ke nan, kuma su ne alamun zuwan al'ada. Ɗigon jini kaɗan ba ya nufin aiki ya lalace, kuma ba dalili ba ne na daina magani ba tare da umarnin likita ba. Tsinken gwajin fitsari na kemis shi ma yana yaudara: allurar da ake yi don nunar da ƙwai tana ɗauke da sinadarin hCG, wanda tsinken ke nema, kuma tana iya wuce kwana 10 a jiki. Gwaji da wuri kan nuna ciki inda babu, ko ya ɓoye shi inda yake.

Akwai dai alamun da ba a jira da su: kumburin ciki mai tsanani, numfashi da ƙyar, amai ba ƙaƙƙautawa, raguwar fitsari, zubar jini mai yawa, ko ciwo mai ƙarfi a gefe ɗaya na mara. A kira likitan da ya yi aikin, ko a nufi sashen gaggawa na Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

A unguwa irin Kabara, cikin birnin Kano, rabin wahalar jiran daga mutane take zuwa. Gidaje a manne suke, da yawansu gidajen gado ne da uwar miji da faccaloli ke tsakar gida ɗaya, kuma da wuya mako ya wuce babu biki ko suna. Matar da aka ga ta rage fita, kafin la'asar an fara yi mata barka da ido. Abin da masu ba da shawara a wannan fanni suka fi so shi ne miji da mata su zauna tun kafin dashen su yanke wa za a gaya wa, mutum ɗaya ko biyu masu riƙe sirri, kuma kada a faɗi ainihin ranar gwajin. Amsa tambayoyin dangin miji aikin miji ne. Kusan rabin matsalolin rashin haihuwa akwai hannun ɓangaren namiji a ciki, amma har yanzu mace ce ake kallo a taron suna, kuma ba laifi ba ne ta aika da gudummawa ta zauna a gida.

Masu kawo taimako ma ba za a rasa ba. Jiƙo da saiwoyin Kasuwar Kurmi, komai amincin wanda ya kawo su, a ajiye su har sai likita ya gani, domin ba a san abin da za su yi wa ƙaramin ciki ba. Addu'a da zikiri kuwa, a unguwar da Gidan Ƙadiriyya na Sheikh Nasiru Kabara yake, ba sai an koya wa kowa ba. Wuridi mai ƙayyadadden lokaci bayan asuba da magariba yana raba wa mai jira yininta, ya rage zaman ƙirga kwanaki da binciken alamu a waya. Azumin nafila a tuntuɓi likita tukuna.

Yana da amfani a shirya ranar sakamako tun da wuri: wa zai karɓi kiran asibiti, a ina, kuma ko za a ɗauki hutun aiki. A tambayi likita ko akwai sauran 'yan tayi da aka daskarar, domin sake dasa su bai kai fara aikin daga farko tsada ba. Idan sakamakon ya yi kyau, ana maimaita gwajin jini bayan kwana 2, sannan a yi hoton ciki a mako na 6 ko na 7. Idan kuwa rashin barci, ƙin abinci ko yawan kuka suka zarce mako biyu, ko mace ta fara jin rayuwa ta ishe ta, sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano yana duba irin wannan, kuma likitan mata zai iya rubuta takardar turawa.