Rigakafin kyanwa: lokutan allura da abin da ke cin kuɗi

Ana yi wa ɗan kyanwa allurar farko yana da mako 8 zuwa 9, don kare shi daga tifus, mai haddasa amai da gudawa, da koriza, wato murar kyanwa. A maimaita bayan mako 3 ko 4. Allurar haukan kare kuwa daga mako 12 ne, sannan a sabunta bayan shekara guda. Wannan ce bai kamata a yi wasa da ita ba: kyanwa na ɗaukar cutar, tana sa wa mutum ta cizo, kuma da alamu sun bayyana kusan kullum mutuwa ce.

Shekarar farko ta fi cin kuɗi, saboda allurai da maganin tsutsar ciki. Fiɗiyar mace ta fi ta namiji tsada, tunda sai an buɗe ciki. A tambayi farashi a ofishin kiwo kafin a je.