Super Smash Bros. Ultimate: Gem Ɗin Da Ake Cilla Mutum Waje

Super Smash Bros. Ultimate gem ne na faɗa da kamfanin Nintendo ya saki a Disambar 2018 a na'urar Switch. Masahiro Sakurai ne daraktansa.

A nan ba kashe abokin karawa ake yi ba, cilla shi ake yi wajen dandamali. Iya dukan da ya sha, iya nisan da zai tashi in ka sake make shi.

Na farko, a 1999, jarumai 12 ne kacal. Yanzu sun haura 80, har da Mario, Sonic da Ryu.

Ka zaɓa da lura. Bowser nauyi gare shi, cilla shi sai an sha wuya. Pikachu akwai sauri, amma da ya sha duka sai ya yi sama kamar leda.