Ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda: abin da matafiyi zai tarar a jirgin ruwa

A ƙauyukan Hausawa na Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu, daga Mai Wurno zuwa kewayen Wad Madani da Damazin, idan aka ce wani ya shiga jirgin ruwa, galibi hanyar Sawakin zuwa Jidda ake nufi. Mahajjata da masu Umara da ƴan kasuwa da masu aiki a Saudiyya duk suna bin ta, saboda ta fi jirgin sama sauƙin kuɗi, kuma ta fi ba da damar ɗaukar kaya. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 aka rufe filin jirgin saman Khartum, wannan hanya ta ƙara muhimmanci.

Tsohuwar hanya

Sawakin ta daɗe tana karɓar mahajjatan Afirka ta Yamma, waɗanda a da sukan shafe shekaru suna tafiya a ƙafa, suna noma a hanya domin tara guzuri. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka zauna kusa da Sinnar a garin da ke ɗauke da sunansa. Da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925, aikin auduga na Jazira ya riƙe dubban matafiya, wasu suka zauna har abada ba su kai bakin teku ba.

Turawan Ingila sun buɗe tashar Port Sudan a 1909, abin da ya sa Sawakin ta koma kufai. An farfaɗo da ita a 1991 da tashar Usman Diƙna, wadda a yau daga nan jiragen fasinja suke tashi. Sawakin tana kimanin kilomita 60 kudu da Port Sudan.

Kafin a ga teku

Daga Mai Wurno zuwa Sawakin tafiyar sama da kilomita 1,000 ce. Mota takan bi ta Wad Madani, Gadarif, Kasala, Haya da Sinkat, sannan ta gangara daga duwatsu zuwa bakin teku. Sojojin Sudan sun sake karɓar Sinja a Nuwamban 2024 da Wad Madani a Janairun 2025, amma shingayen bincike suna da yawa, kuma kowanne yana cin lokaci. Wanda ke da tikiti ya ware kwana biyu ko uku domin hanya kaɗai. Harin jirage marasa matuƙa da aka kai Port Sudan a watan Mayun 2025 ya nuna cewa jadawalin tafiya na iya sauyawa cikin dare ɗaya.

Takardu

Ana bukatar fasfo mai sauran aƙalla wata shida, da biza, da tikiti. Ɗan Sudan ba ya samun fasfo sai da lambar ɗan ƙasa, wadda ake kira raƙam wadani, don haka iyalin da ba su da ita su fara da nemanta tun da wuri. Wanda ke riƙe da fasfon Nijar ko Najeriya ko Chadi yana zaune a Sudan ya duba cewa takardar zamansa ba ta ƙare ba.

Saudiyya tana neman katin rigakafin shawara daga masu fitowa daga Sudan, da kuma rigakafin sanƙarau ga mahajjata. Dukansu a yi su aƙalla kwana 10 kafin tafiya. Bizar Umara ko ta ziyara ba ta ba da izinin aikin Hajji. A 2025 hukumomin Saudiyya sun sanya tarar da ta kai riyal 20,000 ga wanda aka kama yana Hajji ba izini, tare da kora da hana shiga ƙasar na shekara 10.

Tikiti a saye shi a ofishin kamfanin jirgi ko wakilin da yake da rajista, a karɓi rasit. Akwai masu yi wa mutane alkawarin ƙetarar da su a ƙananan jiragen katako da ake kira sambuk, ba biza ba fasfo. Wanda ya bi su yana iya rasa kuɗinsa da ransa, idan kuma ya isa, kurkuku da kora ne ke jiransa.

A tashar Usman Diƙna

Jira shi ne babban aikin ranar tafiya. Fasinja sukan shiga tasha tun da hantsi, a auna kaya, a bi ta kwastan, wato duwan, a buga hatimin fita, sannan a zauna har zuwa yamma ko dare. A watannin zafi ma'auni yakan wuce digiri 40, ga kuma gumin bakin teku, saboda haka ruwan sha da lema suna da amfani ƙwarai ga tsofaffi da yara.

Manyan kaya ana raba su da mai su, a kai su cikin jirgi, ba a sake ganinsu sai Jidda. A rubuta suna da lambar waya a jikin kowace jaka. Fasfo da kuɗi da magani da cajar waya da harami su zauna a ƙaramar jakar hannu. Manhajar Bankak da ake biyan kuɗi da ita a Sudan ba za ta sayi shayi a Jidda ba, don haka a tanadi ɗan riyal a aljihu.

Kada a karɓi saƙon kowa ba a buɗe an gani ba, ko da ɗan gari ɗaya ne. Hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a Saudiyya yana kaiwa ga kisa, kuma wanda aka samu abin a jakarsa shi ake tuhuma. Mai shan magani kullum ya riƙe takardar likita. Goro ma yana cikin abin da ake gargaɗin mahajjata kada su ɗauka.

Cikin jirgi

Tsakanin Sawakin da Jidda akwai kilomita 300 da ɗoriya, kuma ƙetarewar takan ɗauki kimanin awa 12, wani lokaci fiye idan iska ta taso ko aka jinkirta ba da izinin shiga tasha. Tikiti hawa-hawa ne: akwai ɗaki mai gadaje, akwai zaure mai kujerun jingina, akwai kuma fili inda mutum zai shimfiɗa tabarmarsa. Zauren kujeru yakan yi sanyi da dare saboda na'urar sanyaya ɗaki, don haka mayafi mai kauri yana da amfani. Ana sayar da abinci da shayi, amma yawancin iyalai sukan zo da guzurinsu na burodi da dabino da gyaɗa. Layin waya yakan yanke jim kaɗan bayan barin gaɓa, sai a sanar da ƴan uwa tun kafin a tashi.

Wanda ya saba da kwale-kwalen fito a Shuɗin Nilu zai ga bambanci, domin igiyar teku tana jijjiga jirgi na tsawon sa'o'i. Jiri da tashin zuciya suna zuwa ne idan kunne ya ji motsi alhali ido yana ganin bango a tsaye. Abin da ke ragewa shi ne zama a tsakiyar jirgi, kallon inda sama ta haɗu da ruwa, shan iska, tauna citta, da guje wa abinci mai maiƙo. Ƙwayar hana jiri a sha ta kafin jirgi ya tashi, kuma tana sa barci.

Salla da harami

Makka tana arewa maso gabas da Sawakin, don haka a yawancin tafiyar alƙibla tana kusa da inda goshin jirgi yake fuskanta, ɗan karkata dama. Idan aka kusanci Jidda sai ta koma gabas. Mai iya tsayuwa ya tsaya, wanda jiri ya hana shi ya zauna. Littattafan fiƙihu sun ambaci mutanen Sawakin da suna, kuma malamai da dama sun ce wanda ya taso daga can yana ɗaura harami ne a Jidda, domin hanyarsa ba ta ratsa wani miƙati kafin nan. Wanda zai fara da Madina kuwa zai ɗaura a Zul Hulaifa, wato Abyar Ali. Ya kamata mahajjaci ya warware wannan da malamin ayarinsa tun a tasha.

Tsaro

Bahar Maliya ta ci rayuka. A Disamban 1991 jirgin Salem Express da ya taso daga Jidda ya bugi duwatsun ƙarƙashin ruwa kusa da Safaga a Masar, sama da mutum 450 suka mutu. A Fabrairun 2006 jirgin Al-Salam Boccaccio 98 ya nutse bayan gobara, ya hallaka fiye da mutum 1,000. A Yunin 2022 wani jirgin dabbobi ya kife a tashar Sawakin kanta da tumaki sama da 15,000, saboda an yi masa lodin da ya wuce ƙima.

Da an shiga jirgi, matafiyi ya nemi inda rigar ceto take, ya gane ƙofar fita mafi kusa da wurin taruwa. Alamar haɗari a jiragen duniya ita ce busa gajeru bakwai da doguwa ɗaya. Ba a kunna risho ko gawayi a ciki, kuma ba a barin yara su hau shingen gefe.

Isa Jidda

Agogon Saudiyya yana gaban na Sudan da awa ɗaya. Saukowa takan ɗauki sa'o'i: motoci su kai fasinja zaure, a ɗauki hoton yatsu, a duba katin rigakafi, sannan a nemi kaya. Daga Jidda zuwa Makka kimanin kilomita 80 ne, zuwa Madina kuma sama da 400, kuma tun 2018 akwai jirgin ƙasa na Haramain da ke haɗa biranen.

Jirgin yawon shaƙatawa

Daga tashar Jidda akwai wani nau'in jirgi da ake hawa domin hutu kawai. A Disamban 2024 Saudiyya ta fara aiki da jirgin Aroya, mai ɗaukar fasinja sama da 3,000, wanda yake zagaya Bahar Maliya na kwanaki, da wuraren cin abinci da na wasan yara da na salla. A irin waɗannan jirage kuɗin tikiti yakan haɗa da ɗaki da abinci, amma intanet da yawon gari a inda aka yada zango kuɗinsu daban ne, kuma kowace ƙasa da za a sauka tana da sharaɗin bizarta. Jirgin Sawakin kuwa na sufuri ne. Shi ya sa fasinja suka fi bukatar ruwa, mayafi, cikakkun takardu da haƙurin jira.